Sabon zuwa Atlanta, karanta wannan kafin ka buɗe gas

Makon jiya bayan an idar da sallar Juma'a wani yaro ɗan wajen Katsina, wanda bai cika wata biyar da sauka ba, ya ja ni gefe ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, don Allah duba mini, anya ba kuskure suka yi ba?" Bil ɗin gas ne na watan Janairu. Na duba sama na duba ƙasa, babu kuskure ko ɗaya. Shi ne na huɗu da ya nuna mini irin wannan takarda a hunturun bana, kuma ramin da ya faɗa shi na faɗa shekarar da na zo. Na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin masallaci, shi ya sa na zauna na rubuta.

Wutar lantarki ba za ta ba ka wahala ba. A jihar Jojiya adireshinka ne yake zaɓa maka kamfani, ko Georgia Power ko ɗaya daga cikin kamfanonin haɗin gwiwa na yankuna ko na hukumar gari, ka kira su a buɗe maka. Ruwa galibi ofishin haya ne zai haɗa maka. Layin waya kuwa aikin rabin awa ne. Gas ne mai ƙura.

A gida mun saba da silinda. Ka ɗora ta a babur, a auna maka kilo goma sha biyu da rabi, ka biya a gabanka, in ta ƙare ka san ta ƙare. Nan ta bututu yake shigowa, ba dafa abinci kaɗai yake yi ba, shi ne ruwan zafin wanka, shi ne ɗumin ɗaki, kuma sai ka gama ƙona shi za a faɗa maka kuɗinsa. A 1997 majalisar jihar ta yi dokar da ta buɗe kasuwar gas, aka fara aiki da ita a 1998. Daga 1999 kamfanin Atlanta Gas Light, wanda kowa ke ce wa AGL, ya daina sayar wa gidaje gas. Nasa shi ne bututu da mita da gyara. Sayarwa ta koma hannun dillalan da hukumar jihar mai sa ido kan kamfanonin gas da lantarki, PSC, ta ba lasisi, irin su Georgia Natural Gas da SCANA Energy da Gas South da Constellation da wasu. Dole ka zaɓi ɗaya daga cikinsu. Sai dai in gidanka yana garuruwan da ke da nasu gas na hukumar gari, kamar Lawrenceville ko Buford ko Austell, to nan babu zaɓi, babu kuma wannan ciwon kai.

Ka riƙe wannan da kyau: ko wane dillali ka ɗauka, gas ɗin ɗaya ne, bututun ɗaya ne, mutumin da zai zo buɗe mita ma'aikacin AGL ne. Babu wanda gas ɗinsa ya fi na wani zafi. Na sha jin 'yan uwa suna cewa "ai na wane ya fi auki". Babu wani auki. Farashi da sharuɗɗa kawai suka bambanta su.

Na zo ƙarshen 2013. Ranar da na karɓi makulli, ma'aikaciyar ofishin haya ta miƙo mini wata takarda mai launi, ta ce in kira wannan lamba. Na kira. Aka faɗa mini farashi mai sauƙi ƙwarai, na ce alhamdu lillahi, ban tambayi komai ba. Ashe farashin marhabin ne, na ɗan gajeren lokaci, daga nan sai a mayar da kai kan farashi mai hawa da sauka, wanda dillali ke sauyawa duk wata. Janairun 2014 ya zo da sanyin da waɗanda suka daɗe a garin ma suka ce sun jima ba su ga irinsa ba, shi ne watan da 'yar ƙanƙara kaɗan ta tsayar da Atlanta cak, mutane suka kwana cikin motoci a kan titi. Uwargida tana da jaririya, hita ba ta hutawa dare da rana. Da bil ya zo, a tsaye na buɗe shi a gindin akwatin wasiƙu, sai da na nemi wuri na zauna. Ya kusa rabin kuɗin hayar wata. Na hau sama na rage hitar, muka naɗe yarinya da barguna biyu, mahaifiyarta tana kallona ba ta ce komai ba. Har yau in na tuna daren nan zuciyata takan sosu, don kuɗin da ya kamata in tura wa mahaifiyata ne ya tafi, kuma tambaya guda ɗaya a waya da ta hana shi tafiya.

Tambayar ita ce: wannan farashi tsayayye ne, kuma har yaushe?

Ana auna gas da wani ma'auni da suke kira tam (therm), mu a tsakaninmu mudu muke ce masa. Tsayayyen farashi shi ne ku ƙulla da dillali cewa mudu zai zauna a kaza na wata 6 ko 12 ko 24, kasuwa ta hau ko ta sauka. Mai hawa da sauka babu alkawari a cikinsa, kana iya fita ranar da ka ga dama, amma kusan kullum ya fi tsayayyen tsada nesa ba kusa ba. Ɗauki misali don lissafi ya fito: gidan da ya ƙona mudu 100 a watan sanyi, a kan senti 60 dala 60 ke nan, a kan dala 1 da senti 80 kuwa dala 180. Gida ɗaya, ɗumi ɗaya.

Abin da ya fi yi mana illa kuma halinmu ne na kirki, wanda nake alfahari da shi a ko'ina ban da nan. Mu mun tashi da sanin cewa tsohon abokin ciniki shi ake yi wa gyara. Ka shekara goma kana auno wurin mai hatsi ɗaya a Dawanau, shi zai ƙara maka tsibi a kan mudu, ya ba ka bashi ranar da babu, kai ma ka ji kunyar tsallake rumfarsa. A wannan kasuwa sabon shiga ake yi wa gyara. Wanda ya zauna shiru shekara da shekaru shi ke biyan mafi tsada. Wa'adin tsayayyen farashinka yana ƙarewa, in ba ka motsa ba, sau da yawa kan mai hawa da sauka za ka tsinci kanka. Doka ta sa su aiko da sanarwa kafin ranar, kuma suna aikowa, amma tana zuwa cikin tarin takardun talla ko ta maƙale a imel ɗin da ba ka buɗewa. Ni ma karo na biyu ta nan aka same ni: na ƙulla na wata 12, na saki jiki, ya ƙare ana tsakiyar sanyi, sai bayan bil biyu na farga. Wani dattijo a cikinmu, mutumin kirki, da na ce ya canza kamfani cewa ya yi, "Malam, mutanen nan ba su taɓa yi mini laifi ba, ina jin nauyi." Na ce, "Baba, ba su san sunanka ba, lambar asusu suka sani." Mun lissafa abin da ya yi asara cikin shekara uku, shiru ya yi.

Canza dillali ba abin tsoro ba ne. Ba a yanke gas, ba wanda zai zo gidanka, ba sai ka je ka yi sallama da tsohon ba, sabon ne zai yi aikin. Sau ɗaya cikin wata 12 AGL ba ya cajin komai a kan canji, in ka ƙara ne ake karɓar dala 7 da senti 50. Abin lura shi ne tarar fita kafin wa'adi, wadda takan kai dala ɗari ko fiye, don haka ka jira ƙarshen yarjejeniya. Ni abin da nake yi, wata guda kafin ranar nakan buɗe shafin PSC, inda suke jera farashin dukkan dillalai kowane wata, in ga mafi sauƙi, sannan in kira nawa in ce zan tafi. Sau da yawa nan take farashin da ba su taɓa ambata mini ba yake fitowa. In bai fito ba, in tafi. Ranar ƙarewar kuwa a jikin kalandar lokutan sallah nake rubuta ta da jan biro, inda idona ke sauka sau biyar a rana.

Kada farashin mudu kaɗai ya ruɗe ka. Kowane dillali yana da kuɗin hidima na wata-wata, wani dala biyar da 'yan kai, wani ya kusa goma. Mai ɗaki ɗaya da ba ya ƙona gas da yawa, wannan kuɗi yana iya cinye rangwamen gaba ɗaya. Akwai kuma kason AGL da ke cikin kowane bil, wanda ake lissafawa bisa yawan gas ɗin da gidan zai buƙata a ranar da ta fi kowace sanyi, za ka ga an rubuta DDDC. Wannan bai da alaƙa da dillali, ko ka canza sau goma yana nan, kuma ko a watan Yuli da ba ka kunna hita ba sai ka biya. Kada ka ɓata bakinka kana faɗa a kansa.

Yawancinku kun zo ba ku da tarihin bashi a ƙasar nan, saboda haka dillali yana iya neman kuɗin ajiya. Doka ta ƙayyade shi, ba ya wuce dala 150 ga gidan zama, kuma in ka biya bil a kan lokaci wata shida a jere ana mayar maka. Ka tambaye su, kuɗinka ne. In duk sun ƙi ka, akwai dillali na musamman da jihar ta tanada tun dokar 2002 don masu ƙaramin ƙarfi da waɗanda aka ƙi saboda bashi, SCANA ce ke riƙe da shi. Akwai kuma tallafin ɗumama gida na gwamnati, LIHEAP, ga waɗanda suka cancanta.

Abu biyu da ke ba ni haushi. Na farko, mutum ya ƙwanƙwasa ƙofa ko ya bugo waya ya ce a nuna masa bil "zai duba rangwame", kai kuma don kara ka miƙa. Lambar AGL da ke jikin takardar nan da ita ake canza maka dillali. Canza wa mutum ba da yardarsa ba laifi ne, ana kai ƙara PSC, amma me ya kai ka tun farko? Na biyu, ara wa ɗan uwa suna ya buɗe gas. Mun yi sulhu a kan wannan ba sau ɗaya ba: mai gida ya tashi ya bar bashi, mai suna ya je neman haya ko mota a ce masa akwai tabo a takardunsa. Jama'armu ba ta taɓa barin baƙo ya kwana cikin sanyi ba, in kuɗin ajiya ne ya gagara ka yi magana, za a haɗa maka kafin la'asar. Amma asusu da sunanka za a buɗe.

Kafin ka sa hannu a takardar haya ma ka tambayi mai gida: hita da tukunyar ruwan zafi na gas ne ko na lantarki? Wasu gidajen babu gas sam. Takardar da ofishin haya zai miƙo maka kuwa talla ce, ba umarni ba.

In ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kada ka taɓa makunnin fitila, kada ka tsaya neman inda yake fitowa. Kwashe iyali ku fita, daga waje ka kira AGL ko 911, ba dillali ba.

Yaron Katsina mun zauna da shi a cikin motata muka kira. Yana kan mai hawa da sauka ne, babu tarar fita, cikin minti ashirin ya koma tsayayye na wata 12. Bil ɗin Janairu dai sai ya biya shi, mun roƙa an raba masa kashi-kashi. Ya ce akwai wasu biyu da suka sauka tare, suna zaune a Clarkston, nan gefen Atlanta, na ce ya kawo su ranar Asabar da takardunsu.