Kurakuran da sababbin 'yan jarida ke yi idan aka fasa gidan yari

Na shafe shekaru ina gyara rahotannin matasan 'yan jarida kafin a karanta su a rediyo ko a wallafa su a intanet, kuma babu labarin da gabana ke faɗuwa idan ya iso teburina kamar labarin harin 'yan bindiga a gidan yari. Tun daga harin Bauchi na 2010 har zuwa na Kuje a 2022, kurakurai iri ɗaya nake ta cin karo da su a hannun mutane daban-daban, har na gaji da maimaita wa kowane sabon zuwa magana guda, shi ya sa na ga gara in rubuta ta a wuri ɗaya.

Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne yi wa duk waɗanda suka tsere kuɗin goro, a kira su 'yan ta'adda. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami, kuma har yau abin bai bar raina ba. Ranar 7 ga Satumba 2010, ana saura kwanaki kaɗan Ƙaramar Sallah, 'yan Boko Haram suka afka wa gidan yarin Bauchi da almuru, suka ɓalle ƙofofi, fursunoni 721 suka fice. Saboda gaggawar kada wani ya riga ni, na rubuta cewa 'yan Boko Haram 721 sun tsere, alhali 'yan ƙungiyar da ke cikinsu ɗari da wani abu ne kawai, sauran kuwa mutane ne da aka tsare kan sata, ko faɗa, ko bashi, da yawansu ma ko gaban alƙali ba a gama kai su ba.

Bayan Sallah wata dattijuwa ta zo ofishinmu, ta ƙi zama a kujerar da aka miƙa mata, ta tsaya riƙe da wata takardar kotu da ta naɗe a bakin mayafinta. Ta ce, "Ɗana, kai ne ka faɗa wa duniya cewa yarona ɗan Boko Haram ne?" Na ce, "Inna, ban ambaci sunan kowa ba." Ta ce, "Ai ba sai ka ambata ba, duk unguwa an san yana ciki." Ɗan nata yana jiran shari'a ne kan rikicin gona, ya gudu ne don harsashi na tashi ta ko'ina, kuma da gari ya waye ya koma da ƙafarsa kamar yadda wasu da dama suka yi. Amma maƙwabta sun riga sun laƙaba wa gidansu suna, mai gidan hayar kuma ya ba su wa'adin tashi. Mun fitar da gyara, sai dai waɗanda suka ji labarin farko sun ninka waɗanda suka ji gyaran, ni kuma aka janye ni daga ɗauko labaran tsaro na tsawon watanni, hukuncin da ban taɓa ganin an zalunce ni da shi ba.

Tun daga ranar na ɗauki wata al'ada da ba a makaranta na koye ta ba. Da zarar labari irin wannan ya ɓulla, sai in ja layi biyu a littafina in raba shafin gida uku: waɗanda aka yanke wa hukunci, masu jiran shari'a, da waɗanda ake tuhuma da ta'addanci. Ba na rubuta jimla ko ɗaya sai na sami adadin da zan sa a kowane gida, ko kuma in fito fili in ce hukuma ba ta bayar da shi ba tukuna. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Nijeriya masu jiran shari'a ne, don haka duk wanda ya rubuta "masu laifi sun tsere" ya yanke wa ɗaruruwan mutane hukuncin da kotu ba ta yanke ba. A harin Kuje na daren Talata 5 ga Yuli 2022, hukumomi sun ce mutum 879 suka fice, waɗanda ake tuhuma da ta'addanci a cikinsu 64 ne, kuma kafin washegari ta ƙare kusan rabin waɗanda suka fita sun koma hannu. Duk da haka na gyara rahotanni fiye da ɗaya da suka haɗiye wannan bambanci gaba ɗaya.

Na biyu shi ne hoto, kuma a nan ne nake rasa haƙuri da ku. Wani zai turo muku hoton matashi ta WhatsApp, a ce ga ɗaya daga cikin waɗanda suka gudu, ku kuwa ko tambayar inda hoton ya fito ba za ku yi ba sai ku ɗora shi a Facebook. Kun san halin da gari ke shiga bayan irin wannan hari, kun san cewa ihun mutum ɗaya ya isa a taru a kan baƙo a tasha ko a kasuwa, sannan ku ɗauki fuskar ɗan wani ku jefa cikin wannan wuta don neman yawan masu karatu? Wannan ganganci ne da ran mutum. Ni ba na sa hoton kowa sai wanda hukumar gidajen gyaran hali ta fitar da kanta tare da suna, kamar yadda ta yi kwanaki kaɗan bayan harin Kuje, kuma ko shi ma ina rubuta wanda ya fitar da shi da ranar da aka fitar, sannan in sauke shi idan aka sanar da kama mutumin. Hoton bango da ya rushe ko motoci da suka ƙone ma sai na bincika tsufansa, domin na sha ganin hoton wani gari ya dawo a matsayin na wani.

Akwai kuma gaggawar ɗora alhaki. Boko Haram ta rabe gida biyu tun 2016, kuma ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle, ita ce ta fito ta ɗauki alhakin harin Kuje, sama da shekara guda bayan mutuwar Abubakar Shekau, shugaban ɗaya ɓangaren. Harin gidan yarin Owerri na Afrilun 2021, wanda sama da mutum 1,800 suka tsere, wata rigima ce ta daban: 'yan sanda sun zargi IPOB, ƙungiyar masu fafutukar kafa ƙasar Biafra, ita kuma ta musanta, kuma wajibi ne rahoto ya ɗauki zargin da musun tare. Idan babu wanda ya ɗauki alhaki, "'yan bindiga" ya wadatar har zuwa lokacin da gaskiya za ta bayyana.

Ba kowace tserewa ce hari ba. Ruwan sama ne ya rushe bangon gidan yarin Suleja a Afrilun 2024, ambaliya ce kuma ta buɗe na Maiduguri a Satumbar 2024. Ba kowane hari ne ke cin nasara ba, domin wanda aka kai gidan yarin Kutukale na Nijar a Oktoban 2016 jami'an tsaro sun daƙile shi. Sunan hukumar gidajen yari a Nijeriya ya koma ta gidajen gyaran hali tun dokar 2019, a kiyaye shi idan ana ambaton ta a hukumance. Gandiroban da ya ba ku labari a ɓoye kada ku bayyana muƙaminsa ko lokacin aikinsa, don abokan aikinsa za su gane shi nan take.

Abin da ya rage shi ne barin labari da zarar ƙarar bindiga ta lafa. Ranar 14 ga Maris 2014 'yan Boko Haram suka kai hari barikin Giwa a Maiduguri, wanda wurin tsare mutane ne na soja, suka saki waɗanda ke ciki. Yawancinmu mun tsaya kan harin da yadda aka kori maharan, sai daga baya ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoton cewa an kashe sama da mutum 600, akasarinsu waɗanda aka sake kamawa a unguwannin garin. Shi ya sa nake rubuta ranaku uku a kalandata bayan kowane hari, mako guda, wata guda, da wata shida, kuma a kowace rana cikinsu nakan kira kakakin hukumar da lauyoyin waɗanda ake tsare da su in tambayi mutum nawa aka kamo, ina aka ajiye su, kuma nawa ne suka koma da ransu.