Yadda na hana manhajar shagon hatsi daskarewa

Akwai wata 'yar manhaja da na rubuta wa wani Alhaji a Tudun Hatsi, nan Gombe, da yaren rubuta manhaja na Python. Zare (thread) biyu, wato layukan aiki da ke tafiya lokaci guda, ke aiki a cikinta: babban yana buga rasit, ƙaramin yana tura lissafin buhunan masara da wake ta intanet. Duk ranar da sabis ya yi rauni sai allo ya daskare, mai saye na tsaye da kuɗi a hannu, Alhaji na ta danne-danne.

Matsalar daga join() take, wato umarnin da ke sa babban zaren ya jira ƙaramin ya gama. In ba a yanka masa lokaci ba, babban zaren zai yi ta jiran ƙaramin sai illa ma sha Allahu. Sai na mayar da shi t.join(timeout=5), jiran daƙiƙa 5 ke nan, t kuwa shi ne ƙaramin zaren.

Amma a kula sosai: join() ba ya faɗa maka ko aiki ya kammala, kullum None, wato babu komai, yake dawowa da shi. Dole ka bi shi da t.is_alive(), mai duba ko zaren na aiki har yanzu. In ya ce True, manhajar ta yi wa lissafin alamar "bai tafi ba tukuna", ta buga rasit. Cikar wa'adin kuma ba ta kashe zaren, shi ya sa na saka daemon=True kafin start(), don kada ya hana manhajar rufewa in an tashi kasuwa.