Babi na 6: Gyaran fanfon injekta mai yoyon gas

Darasi na 1: Nemo inda yake zuba

To ɗan'uwa buɗe bonet amma kar ka ɗauki sifana tukuna. Fanfon injekta shi ne ƙarfen nan da ke gefen inji wanda siraran bututun ƙarfe guda 4 suka fito daga bayansa, kowanne ya tafi kan nozul ɗaya, wato bakin da ke fesa mai cikin inji. Fanfon ne ke tura gas, wato man dizal, cikin inji da ƙarfi. Wanda za mu koya a nan shi ne irin na da, samfurin Bosch VE na tsofaffin Golf masu gas, da ɗan'uwansa na Denso da ke kan Hiace da Hilux masu inji 3L ko 5L.

Idan motarka sabuwar ƙira ce mai kwamfuta irin Hilux D-4D, tsaya nan. Matsin gas a cikinta, a ma'aunin matsi da ake kira bar, yana kai 1,600 har sama, tayar ƙaramar mota kuwa bar 2 da ɗan wani abu ake sa mata, ka ga bambanci. Gas mai irin wannan ƙarfin yana huda fata kamar allura kuma ciwon zai yi maka kamar ba komai alhali man ya shige nama, idan ya faru asibiti kai tsaye ba sai gobe ba. Ko a tsohuwar ma kar ka taɓa laluben yoyo da yatsa inji na aiki, kwali ake karawa.

Kashe mota ta huce. Wanke fanfon tas da kananzir da buroshi, goge da tsumma mai tsabta har ya bushe. Tada mota minti 2, kashe, duba inda ya fara jiƙewa. Duba daga sama, domin gas gangarowa yake yi, inda yake ɗiga ba lallai nan ne yake fitowa ba.

Darasi na 2: Alama kafin kwancewa

Galibi za ka tarar daga saman fanfo ne, ko robar murfi ko ƙaramar robar zoben da ke jikin sandar totur, zafi da shekaru sun busar da su sun yi tauri. Cire kan batir na ƙasa, mai alamar ragi, baƙin nan.

Yanzu ga wurin da kusan kowa ke faɗuwa, karanta a hankali ko wani ya karanta maka sau biyu, ba abin kunya ba ne. A saman murfin akwai hannun ƙarfe wanda wayar totur ke ja, yana zaune kan wata 'yar sanda mai ƙananan haƙora kewaye da ita. Hannun zai iya komawa kan kowane haƙori kuma ya zauna daram kamar daidai ne, amma guda ɗaya tak ne nasa. Ka kuskure da haƙori ɗaya, ko mota ta ƙi tsayawa a silo tana mutuwa, ko ta tashi da ihu kamar ka take totur.

Saboda haka kafin ka ɗaga hannun, yi alama. Kwance notin sama, yawanci sifana lamba 10 ce, hannun na nan a wurinsa kar ka motsa shi, ɗauki ƙusa mai tsini ka ja layi ɗaya daga kan sandar ya haye kan hannun. Layi ɗaya, ya taɓa su biyun. Ba da alli ba, ba da biro ba, gas zai wanke su. Da ƙusa. Sannan ɗauki hoto da waya, har da yadda sifirin da ke jikin hannun ya naɗe da inda kowane bakinsa ya maƙale.

Ka yi alamar? Sake dubawa. Kana ganinta da idonka ba tare da ka murtuke ba? In ba ta fito ba ƙara ja. Sannu da ƙoƙari, wanda ya iya wannan ya ci rabin aikin.

Darasi na 3: Canza roba

Kafin ka ci gaba, alamar tana nan?

Cire hannun da sifirin ka sa a kwano mai tsabta. Kwance sukurori 4 na murfin. Akwai wasu dogayen sukurori a gefe masu noti a jiki, wasu ma da fenti ko hatimin dalma, waɗannan na saitin gas ne, ba ruwanka da su. Ɗaga murfin a hankali kana danna sandar ƙasa da babban yatsa, don akwai wani sifirin a ciki da ke rataye da ita, kar ka fizge.

Zare tsohuwar robar da tsinken sakace, ba da sukudireba ba don kar ka karce ƙarfen. Sabuwar ka shafa mata gas mai tsabta sannan ka sa. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ana samun kit ɗin robobin a leda ɗaya, tafi da tsohuwar a gwada, kuma ka ce mai Viton kake so, wata irin roba ce da ta fi jure gas da zafi.

Kuma don Allah a daina abin nan na shafa gam ko sabulu ko naɗa ledar biredi, wallahi abin yana ba ni haushi, mutum ya ji an ce roba amma sai ya ce ai gam ma zai yi. Gam ɗin nan ɓallewa yake ya shiga ciki ya toshe, gyaran 'yar roba ya koma sayen fanfo. Haka ma masu aiki a cikin ƙura da hannu duk yashi, tsakuwa ɗaya 'yar mitsitsiya ta isa ta kashe shi. Na faɗa na sake faɗa, wanda bai ji ba shi ya sani.

Mayar da murfi, ɗaure sukurorin a gicciye kaɗan-kaɗan. Mayar da hannun, layin kan sanda ya haɗu da layin kan hannu su zama ɗaya. In ba su haɗu ba cire ka sake. Duba hoton. Layi ya haɗu da layi, sannan noti.

Darasi na 4: Fitar da iska

In motarka na da fanfon hannu a kan filta, danna shi har ya yi tauri. Mayar da batir, tada. In ta ƙi, sassauta notin bututu a kan nozul da lamba 17, buga sitata hannunka yana nesa da wurin har gas ya fito, ɗaure. Wannan na tsohuwar mota ne kaɗai.

Darasi na 5: Washa

In daga bakin tiyon shiga ko na komawa tanki yake tsatsafowa, canza washar jan ƙarfe biyu. Tsohuwa ba ta komawa.

Darasi na 6: Yoyon gaba

In daga bayan fulin da bel ɗin taimin ke juyawa ne, gas zai cinye bel ɗin. Kar ka tuƙa, kai wa mai injekta.