Yadda Ake Gwada Sauƙin Amfani da Manhaja

Gwano ba ya jin warin jikinsa, haka shi ma wanda ya tsara manhaja ba ya ganin inda take da wuyar sha'ani, domin ya san aikin kowane maɓalli tun kafin ya ajiye shi a wurinsa. Saboda haka duk mai son ƙwarewa a wannan fanni ya kamata ya fara da abu guda: ya zaunar da wani mutum a gaban manhajar, ya ba shi aikin yi, sannan ya kama bakinsa ya zuba ido.

Kafin a kai ga zaman, sai a tantance abin da ake aunawa. Ƙa'idar ISO 9241-11 ta hukumar tsara ma'aunai ta duniya, wadda aka fitar a 1998 aka kuma sabunta a 2018, ta ɗora sauƙin amfani a kan abubuwa uku: ko mutum ya cimma abin da ya zo yi, da yawan lokaci da wahalar da ya sha kafin ya cimma shi, da kuma ko ya tashi da gamsuwa. Ta ƙara wani sharaɗi da masu koyo kan tsallake, wato ana magana ne a kan wasu mutane takamaimai, masu wata manufa, a cikin wani yanayi. Allon da ya dace da ma'aikaciyar da ke shigar da bayanai daga safe zuwa yamma zai iya zama jidali ga wanda ke buɗe shi sau ɗaya a shekara. Don Norman, wanda ya yaɗa batun lura da dukan abin da mai amfani ke fuskanta lokacin da yake aiki a kamfanin Apple a farkon shekarun 1990, ya daɗe yana cewa idan mutane da yawa suna yin kuskure iri ɗaya, to laifin na tsarin ne.

Aiki na farko shi ne rubuta ayyukan da za a ba mahalarta, kuma a nan ne yawancin gwaje-gwaje ke lalacewa tun ba a fara ba. A ɗauka ana gwada manhajar neman lokacin ganin likita. Idan aka rubuta, "Shiga sashen Bayanaina ka canza lambar waya," an riga an ba mutum amsa, abin da ya rage masa kawai ya nemo kalmar a allo. Abin da ya dace shi ne a ba shi halin da zai iya samun kansa a ciki: "Ka sauya layin waya, kuma kana so asibitin ya riƙa samunka a sabon." Yanzu shi da kansa zai yi tunanin inda irin wannan abu yake zama, kuma wannan tunanin nasa shi ake son gani. Ayyuka biyar zuwa bakwai sun wadatar a zaman da bai wuce awa ɗaya ba, kuma a rubuta tun da wuri abin da za a ɗauka a matsayin kammala kowanne.

Mutum nawa za a gayyata? Lissafin da Jakob Nielsen da Tom Landauer suka wallafa a 1993 shi ne tushen shawarar nan da ta shahara, cewa mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsaloli. Ana yawan ɗaukar wannan adadi kamar doka, alhali an gina shi ne a kan cewa mutum ɗaya yana cin karo da kusan kashi 31 cikin ɗari na matsalolin, kuma mahalartan irin juna ne. Idan marasa lafiya da ma'aikatan asibiti duk suna amfani da manhajar, kowane rukuni yana bukatar nasa mutanen. A ganina darasin da ya fi muhimmanci shi ne gwaji uku da mutum biyar-biyar, ana gyara a tsakani, ya fi gwaji ɗaya da mutum goma sha biyar. Abokan aiki kuwa ba mahalarta ba ne, sun san abin da bai kamata su sani ba.

A ranar zaman, a nemi izini kafin a ɗauki murya ko hoton allo, a kuma faɗa wa mahalarci a fili cewa manhajar ake gwadawa, ba shi ba, kuma yana da ikon tsayawa duk lokacin da ya so. Sai a roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa yayin da yake aiki, dabarar da Clayton Lewis ya bayyana amfaninta ga wannan fanni a kamfanin IBM a 1982. Daga nan wahalar ta koma kan mai gwaji. Mahalarciya za ta ɗaga yatsa ta tsaya cak a kan allo, ta sauka ƙasa, ta koma sama, ta wuce maɓallin da ake nema har sau uku, sannan ta juyo ta ce, "Nan zan danna?" Bakin mai gwaji zai yi ƙaiƙayi, musamman idan shi ya tsara shafin. Abin da zai ce kawai shi ne, "Malama, me kike tsammanin zai faru idan kika danna?" Amsarta ita ce ribar zaman, domin idan ta ce tana tsoron maɓallin zai soke alƙawarin da ta riga ta yi, an gano cewa kalmar da ke jikinsa ce ke yaudara.

Kada a dogara da yabon ƙarshe. Mutum zai kasa ayyuka uku cikin biyar, amma a tambaye shi ya ce manhajar ta yi kyau, don kara ko don yana ganin gazawar tasa ce. Gani ya kori ji. A takardar rubutu kuma a raba abin da aka gani da abin da aka fahimta: "ta danna hoton sau biyu" abin gani ne, "ta ɗauka hoton maɓalli ne" fassara ce, kuma fassara tana iya zama kuskure.

Ba sai an gama gina manhaja ba. Ana iya zana allunan a takarda, mahalarci ya taɓa da yatsa, wani ya riƙa sauya masa takardun kamar shi ne kwamfutar. Gyaran da aka yi da fensir ya fi kowane gyara arha.

Akwai kuma duban masana, wanda Nielsen da Rolf Molich suka gabatar a 1990, kafin Nielsen ya fitar da ƙa'idoji goma a 1994. Mutum uku zuwa biyar ne ke bin manhajar, kowa shi kaɗai, suna tambaya ko tana nuna halin da take ciki, ko tana magana da kalmomin da mai amfani ya sani, ko akwai hanyar komawa baya bayan kuskure. A nan ne ake duba abubuwan da ke da ma'auni, kamar bambancin hasken rubutu da na bayansa, wanda ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafukan intanet suka nemi ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, da girman maɓalli, tun da Paul Fitts ya nuna a 1954 cewa ƙaramin abu mai nisa yana ɗaukar lokaci kafin hannu ya same shi. Wannan duba yana share ƙananan kurakurai kafin a kira mutane, amma ba ya maye gurbinsu.

Idan ana son adadi, akwai ma'aunin SUS, wato takardar jin ra'ayi kan sauƙin amfani da mahalarci ke cikewa, wanda John Brooke ya ƙirƙiro a 1986: jimloli goma, kowace ana amsa ta daga 1 zuwa 5, sakamakon kuma yana tsakanin 0 da 100. Matsakaicin maki yana wajen 68, don haka wanda ya samu 70 kada ya ɗauka ya ci jarrabawa da daraja, yana tsakiya ne kawai. Makin yana nuna cewa akwai ciwo, amma ba ya nuna inda yake.

Bayan zaman ƙarshe, a jera matsalolin bisa yawan waɗanda suka ci karo da su, da girman illarsu, da ko mutum yana wuce su da zarar ya gane sau ɗaya. Matsalar da ta hana mutum biyu neman lokacin likita gaba ɗaya tana gaban launin da mutum biyar suka ce bai burge su ba. Rahoton ya zama gajere, kuma idan akwai hali a nuna wa masu gina manhajar minti biyu na bidiyon yatsan nan da ke yawo a allo, domin yana kashe musu fiye da shafi goma na bayani. A gyara uku ko huɗu mafi tsanani, sannan a sake gwaji da sababbin mutane, tun da waɗanda suka zo a baya sun riga sun san inda maɓallin yake.