Yadda ake haɗa shayin citta da kurkum don ciwon gaɓoɓi

Da sanyin hunturu ya sauka a Zariya, gwiwoyin iyayenmu kan yi tsami, tashi daga sallaya ma ya zama aiki. Wannan shayin yana ɗan sassauta zafin.

Da farko a samo ɗanyar citta da garin kurkum da masoro. Duk akwai su a kasuwar Sabon Gari da ta Tudun Wada.

A wanke citta kamar tsawon babban yatsa, a daddaka. A zuba ta a kofi biyu na ruwa, a sa rabin ƙaramin cokali na kurkum, ya tafasa minti 10 a kan wuta kaɗan.

Sai a barbaɗa masoro. Kada a tsallake shi don Allah, shi ke taimaka wa jiki ya tsotsi amfanin kurkum, in babu shi yawanci wucewa kawai yake yi.

A tace, a sha da ɗumi bayan an ci abinci. Mai ciwon suga kada ya sa zuma a ciki.

Mai gyambon ciki ko mai shan maganin tsinka jini, ya fara tambayar likita. In gaɓa ta kumbura ta yi ja, ga zazzaɓi, a tafi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ranar.