Yadda Muke Shirya Taron Keɓewa na Mawaƙan Ikilisiya a Ƙasar Zuru

Idan kai ne malamin kwaya a ikilisiyarku, kuma kana son kai mawaƙanka taron keɓewa daga Jumma'a zuwa Lahadi, fara da zaɓen lokaci, domin shi ne yake kashe taro tun ba a fara ba. A nan kudancin Kebbi, daga Yuni zuwa Satumba kowa yana gona, wanda ka kira zai ce maka yana noma ko yana maimai. Disamba kuma ga girbin dawa, ga Kirsimeti, ga shirin bikin gargajiya na Uhola, ga hunturu da ke busar da maƙogwaro. Maris da Afrilu zafi ba ya barin mutum ya buɗe baki da rana. Ni dai na fi son ƙarshen Oktoba ko makon farko na Nuwamba: ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, ƙura ba ta sauko sosai ba, kuma saura makonni bakwai ko takwas a yi Kirsimeti, abin da aka koya ba zai zube ba.

Kafin ka faɗa wa ko mutum ɗaya a cikin kwaya, je ka gaida Baba Rabaran, ka kai maganar gaban dattawa. Daga nan sai shugabar zumuntar mata. Ka ce mata, "Mama, muna roƙon mata biyu su kwana tare da 'yan matanmu, wasu kuma su riƙe mana tukunya." In ta amsa, rabin aikinka ya ƙare, domin iyayen da za su hana 'yarsu kwana a waje saboda kai, za su bar ta saboda Mama. Maza ɗaki dabam, mata dabam, da dattijo ɗaya a wajen samari.

Maganar wuri ba ta da daɗi, amma dole a yi ta. A da mukan nemi ikilisiyar ƙauye mai shiru da inuwa. Tun da 'yan bindiga suka addabi Danko-Wasagu da Sakaba, musamman bayan kwashe ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, ba mai hankalin da zai tara matasa arba'in su kwana a bakin daji. Ku nemi harabar coci ko makarantar firamare mai katanga a cikin gari. Masu zuwa daga Mahuta, Ribah ko Dirin Daji su taso da rana, su iso kafin magariba. A sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda. Hotuna kuma a ajiye su a waya, a sa a Facebook bayan kowa ya koma gida. Ku gaida maƙwabta Musulmi, ku gaya musu za su ji waƙa kwana biyu, in an kira salla a masallacin kusa ku ɗan dakata. Lasifika ba ta da aiki a wannan taro ko kaɗan.

Kuɗi: kada ka yanka wa kowa adadi ɗaya. Mai mudun shinkafa ya kawo, mai wake ya kawo, mai itace ya ɗauro, masu albashi su sayi mai, gishiri, magi da sukari. Kowa ya zo da tabarma, gidan sauro, kwano, da littafin waƙoƙinsa.

Ga abin da na fi damuwa da shi. Taron mawaƙa ba taron farkaswa ba ne, ba kuma kwanan addu'a ba. Za a samu mai himma ya ce tunda an taru a yi addu'a har asuba. Ka ba shi haƙuri. Wanda ya kwana yana ɗaga murya, gobe sai ya wayi gari da muryar da ta dushe, ka rasa yinin Asabar ɗungurungum. Daren Jumma'a a ci abinci, a karanta Zabura 150, a yi addu'a gajeriya, ka raba takardun waƙoƙi, ƙarfe goma a kashe fitila. Sababbin waƙoƙi kada su wuce uku. Gara uku da suka zauna daram da bakwai da za a yi ta tuntuɓe a kansu ranar Kirsimeti.

Asabar da safe, bayan koko da ƙosai, kada a faɗa waƙa kai tsaye. Kowa ya kwanta a tabarma ya ɗora littafin waƙoƙi a kan cikinsa, ya ja numfashi har littafin ya ɗaga, ya sake shi a hankali. Yawancin mawaƙanmu da kafaɗa suke numfashi, shi ya sa iska take ƙare musu a tsakiyar layi. Sai a tashi a yi guna da baki rufe, a hau do re mi a sauko, sannan a buɗe baki. Daga nan a rabu: murya ta ɗaya a cikin coci, ta biyu a gindin mangwaro, ta uku da ta huɗu can bayan aji inda ba za su ji juna ba. Kowane rukuni ya fara da do re mi ɗin waƙar kafin kalmomi. Wannan tsari na sol-fa da muka gāda daga mishan, John Curwen ne ya yaɗa shi a Ingila tun wajen 1840, kuma amfaninsa har yau shi ne ba ya bukatar komai sai allo da alli. Bayan kowane minti arba'in a huta, a sha ruwa. Randa ta kasance a kusa, da fulas na ruwan ɗumi da citta da zuma ga wanda maƙogwaronsa yake ƙaiƙayi. Wanda muryarsa ta fara shaƙewa ya yi shiru gaba ɗaya. Raɗa ma wahalar da maƙogwaro take yi.

Idan aka haɗu wajen ƙarfe sha ɗaya, a kashe kibod. Mai kaɗa shi zai ɓata rai, ka bar shi ya ba da sautin farko kawai ya naɗe hannu. Kibod da janareta sun daɗe suna rufa wa kwayoyinmu asiri. Ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar waƙa ake gane cewa murya ta uku bin ta ɗaya take yi a ƙasa-ƙasa. Ka tsayar da su a da'ira, ka cakuɗa su, mai murya ta biyu tsakanin mai ta ɗaya da mai ta huɗu, ka ce kowa ya rage murya har sai ya ji na kusa da shi. Nan za a yi dariya, nan kuma za a yi gyaran da koyon waƙa na yammacin Laraba bai taɓa yi ba.

Da rana shinkafa da wake, kaɗan. Tuwon dawa a bar shi sai dare, in ba haka ba barci za ka yi ta kora har la'asar.

Bayan hutu sai ƙararrawa. Ƙararrawar hannu ta asali daga Ingila ta fito, inda wasu 'yan'uwa biyu, Robert da William Cor na garin Aldbourne, suka daidaita sautinta tsakanin 1696 da 1724. Da tagulla ake yin ta, harshenta gaba da baya kawai yake motsi, kuma kowace ɗaya sauti ɗaya tak take bayarwa. Ƙaramin saiti yana da 25, mai bi masa 37, wanda mutum goma sha ɗaya suke rabawa. Ana sa safar hannu saboda gumi yana dusashe ƙarfen, ana shimfiɗa soso a kan tebur, in an buga kuma lokacin sautin ya cika sai a manna bakinta a kafaɗa amon ya mutu. Irin wannan saiti daga waje ake kawo shi, kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin ikilisiyoyinmu. Abin da ya fi sauƙin samu shi ne saitin yara mai guda takwas, daga do zuwa do, kowace da launinta. Kada ka raina shi. Ka ba mutum takwas, kowa ɗaya, ka rubuta do re mi na waƙar da kowa ya sani a allo, ka riƙa nunawa da sanda. Ba mai riƙe da waƙar shi kaɗai. Mai riƙe da sautin fa zai iya tsayuwa layi biyu yana ƙirga kafin nasa ya zo, in ya yi sakaci sai a ji rami. Kamar luguden mata uku ne a turmi ɗaya, kowace ta san sa'ar da taɓaryarta za ta sauka. Hannu ya tura ƙararrawar gaba ya zagayo da ita sama, kada a girgiza ta kamar ta makaranta. In ba ku da ko saitin yaran, ku yi da baki: kowa ya riƙe sauti ɗaya, ya rera shi kawai idan sanda ta iso kansa. Masu tulu, ganga da kuge su ma su shiga, domin su ne suka fi kowa gudu idan waƙa ta yi daɗi.

Da yamma a yi waƙoƙin uku daga farko zuwa ƙarshe a inda za a tsaya gobe, har da shiga da fita. Ɗora waya a kujerar baya ta ɗauka, sannan a zauna a saurara tare. Kada ka kira sunan kowa. Mai wuce kowa da murya zai ji kansa, ya isa. Ka ware ɗan lokaci ga dattijuwar da ta san tsofaffin waƙoƙin C'lela, harshen Dakarkari, na bayarwa da amshi ta koya wa matasa ɗaya. Waɗannan ba sa cikin littafi.

Lahadi ku yi waƙa ɗaya ko biyu a sujadar ikilisiyar da ta karɓe ku, ta ukun a ajiye ta sai Kirsimeti. Bayan sujada a share azuzuwa, a wanke tukwane a mayar wa masu su, a goge kowace ƙararrawa da tsumma mai laushi a rufe ta a akwati saboda ƙura. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe a gaban kowa. Masu nisa su kama hanya kafin ƙarfe biyu, kuma duk wanda ya isa gida ya kira ya faɗa.