Yadda ake tafiyar da gida da amfanin gonakin kusa

Idan gida ya koma cin abin da ake nomawa a kewayensa, tsarin cefane ne ke fara juyewa. Maimakon a yanke abin da za a dafa sannan a je a sayo, abin da ya nuna a gona shi ke yanke girkin mako. Kuma amfanin gona ba ya zuwa kaɗan-kaɗan: yau ya cika ko'ina da araha, bayan 'yan makonni a neme shi a rasa. Don haka yawancin aikin na adanawa ne, ba na saye ba.

Ku fara da lissafi. Ku tambayi manoma biyu ko uku watan da kowane amfani ke fitowa da watan da yake yankewa, ku rubuta. Sannan ku auna abin da gidan ke ci a mako, ku ninka da makonnin da babu shi. Gidan da ke cin wake kilo 2 a mako yana buƙatar kilo 52 don wata shida. Masu saye da ƙiyasi su ne ke ƙarewa da buhun da ƙwari suka cinye rabinsa.

Hatsi da wake su suka fi buƙatar kula, domin a nan kuɗi mai yawa ke kwance. Babban abokin gabarsu danshi ne. Masara ba ta ajiyuwa lafiya sai danshinta ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100. In babu na'urar awo, ku zuba busasshen gishiri cokali biyu da hatsi tafi ɗaya a busasshiyar kwalba, ku rufe, ku girgiza na minti ɗaya, ku bar ta minti 15. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi shanya. Kada a yi sakaci da wannan: masara ko gyaɗa mai danshi tana yin funfuna, funfunar kuma na iya haifar da gubar aflatoksin mai lahani ga hanta, wadda dafuwa ba ta kawar da ita. A shanya a kan tamfol, ba a ƙasa tsirara ba.

In ya bushe, a zuba a mazubin da iska ba ta shiga, ko durom mai murfin roba ko buhu mai leda biyu a ciki. A cika shi dam, a ɗaure. Ƙwarin da ke ciki za su shaƙe iskar da ta rage su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Inda ake samun matsala shi ne yawan buɗewa, domin kowace buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwaro. A ware na wata ɗaya a ƙaramin mazubi, a bar babban a rufe. A ɗora buhuna kan katako, kada su jingina da bango.

Kayan lambu kowanne da halinsa. Albasa tana son mako biyu zuwa uku a inuwa mai iska har wuyanta ya bushe. Mai ɗanyen wuya ruɓewa take yi. Dankalin turawa na son duhu, in ya sha haske ya yi kore yana tara guba, a yanke koren ko a zubar. Kada a haɗa shi da albasa, kada kuma a ajiye ganye kusa da nunannen tumatir ko ayaba, iskar da suke fitarwa tana sa ganye rawaya. Tumatir kusan duk ruwa ne, kilo 10 ɗanye da ƙyar ya ba da kilo 1 busasshe, don haka a yanka shi sirara. Ganye kuwa a tsoma a tafasasshen ruwa minti 2, a tsane, a shanya a inuwa.

Duk wannan ya fi ƙarfin gida ɗaya, shi ya sa maƙwabta ke haɗa kai. Gida biyar zuwa takwas sun isa. In sun wuce haka, rabo ya zama rigima. A naɗa mai riƙe littafi daban da mai riƙe kuɗi, a raba da sikeli, ba da ido ba. Yanka da shanya ma a yi su tare, rana ɗaya, yara su taya tsince.

Da manomi kuwa a yi magana tun kafin shuka: wane amfani, nawa, wace rana za a ɗauka, wa zai biya kuɗin dako. In za a ba da kafin alƙalami, kada ya kai rabi, kuma a rubuta abin da za a yi in amfanin bai yi kyau ba, ko a mayar da kuɗi ko a jira girbi na gaba. Kada kuma a rataya ga gona ɗaya, domin fari ko cuta in suka zo, yanki guda suke kamawa gaba ɗaya.